Oga Na Gadin Ƙofa, Kuɗi Na Fita Ta Taga

Ranar wata Talata da daddare ƙanwata ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, don Allah katinka na banki yana biyan dala? Ara mini za ka yi, ƙarshen wata in mayar maka."

Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, sha'anin aiki ne. A wani kamfanin sayar da kayan abinci take aiki a Kano, ita ce mai haɗa musu hotunan talla da ake sakawa a Facebook da WhatsApp. Kuɗin manhajar Canva da take aiki da ita ne ya ƙare. Ta cike bauca, wato takardar neman a fitar da kuɗi, shugaban sashenta ya sa hannu, akawu ya sa nasa, saura maigida. Maigida kuwa ya tafi Abuja, daga can ya wuce Umara. Kwana tara ke nan takardar na kan teburinsa, an danne ta da kwalin tishu, ga shi an ce lallai tallan azumi ya fita kafin Juma'a.

Kuɗin da ake magana a kai bai kai na man janareta na yini guda a ofishin ba.

Abin ya tsaya mini a rai, don ba yau na fara ganin irinsa ba. Sana'ata duba lissafin ƙananan kamfanoni ce, na kuma shiga ofisoshi da dama inda ake wannan rawar. Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Tsarin da ya ce duk manhajar da ma'aikaci zai biya, ko ta naira dubu biyar ce, sai mai kamfani da kansa ya sa hannu, wahalar da bayin Allah kawai yake yi, kuma bai hana kuɗi zurarewa. Kuɗin manhaja ba ranar biyan farko yake ɓacewa ba. A watannin da ke biyo baya yake ɓacewa, lokacin da babu mai sake tambaya.

Haya ce, muna yi mata kallon saye

Da can in ofis na son Word da Excel, faifai ake saya a ɗora wa kwamfuta, magana ta ƙare. Da yawa ma na sata ake ɗorawa a wurin mai gyara, amma wannan zance ne na wata rana. A wancan zamanin aka gina tsarin baucanmu: a nemi izini sau ɗaya, a biya sau ɗaya, a kawo rasit, a rufe fayil. Kamar dai sayen kujera.

Kasuwar ta daɗe da canzawa. Microsoft ya fito da Office 365, wato Word da Excel na haya, a 2011. A 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye, ya ce kowa ya koma biyan wata-wata. Sauran suka bi sahu. Yau Zoom, Canva, Google Workspace, ChatGPT, duk haya ce. Ka saka lambar katinka sau ɗaya, su riƙa ɗiba duk wata ko duk shekara har ranar da ka tuna ka ce su daina. Mai gidan haya ne da ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, hannunsa na cikin aljihunka.

Sa hannun Oga a wata na farko ya tsaya. Daga wata na biyu zuwa na talatin babu bauca, babu sa hannu, babu kowa.

"Ai kuɗina ne"

Gaskiya ne, ban kuma raina wannan magana ba. Mutumin da ya faro da tebur ɗaya a kasuwa, ya sha rana, yaran shago suka cuce shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ba za ka ce ya saki aljihunsa haka siddan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma ku dubi yadda irin wannan Alhajin ke tafiyar da shagonsa a Kantin Kwari. Ya bar wa yaronsa atamfofi na miliyoyi. Ya ce masa, "Wannan turmin kada ka sauka ƙasa da kaza." Daga farashin da aka yi wa mai saye zuwa wancan ƙasan, yaro ke yanke hukunci, ba ya ɗaga waya kan kowace mata da ta taya. Da yamma a zauna a yi lissafi. A gida ma haka ne, ya ajiye kuɗin cefane ya fita, bai ce a kira shi kafin a sayo daddawa ba.

A sa iyaka, a ba da amana, a dawo a yi lissafi. Iyayenmu da wannan suka yi fatauci har Gwanja. Sai da aka shigo ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa aka manta, aka ce wadda aka damƙa wa sunan kamfani gaba ɗaya a intanet ba za a iya damƙa mata naira dubu goma ba.

Wani lokacin ma, mu faɗi gaskiya, ba tsoron asara ba ne. Akwai mai jin daɗin a riƙa leƙo masa ofis ana, "Ranka ya daɗe, takardar nan ce dai." Wannan ba ni da maganinsa.

"Dala ta yi tsada"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana kan naira 460 da 'yan kai. A tsakiyar watan Babban Bankin Najeriya ya saki naira, kasuwa ta riƙa yi mata farashi, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Ɗauki ChatGPT na biya, dala 20 a wata. A tsohon farashi naira 9,200 ke nan, duk da ko a lokacin yawancinmu a kasuwar 'yan canji ta Wapa muke sayen dala, da tsada fiye da haka. A farashin Fabrairun 2024 ya zama 30,000. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda manyan kamfanonin waje da dama suke ɗorawa a kan rasit su miƙa wa gwamnatin Najeriya. Ka tuna mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Manhaja ɗaya ta mutum ɗaya ta kusa cinye rabin albashin maigadi. In mutum goma suka ce kowa na so, an tasam ma dubu ɗari uku duk wata.

Mai kamfani yana da gaskiya in ya tsorata. Sai dai a ina tashin dalar ya fi yin cizo? A kan tsofaffin manhajojin da aka amince da su tun dala na da araha. Su ba wanda ya sake kawo baucansu. Sun ninka sau uku shiru, banki na cirewa, akawu na rubutawa.

Akwai wani kamfani da aka kira ni in duba musu dalilin da ya sa asusunsu na dala ke ƙarewa da wuri. Na sa aka buga mini bayanin asusun na wata shida, na ɗauki jan biro, muka zauna da akawunsu. Dattijo ne mai tsantseni, irin wanda in ka sayo ƙusa babu rasit to daga aljihunka ka saya. Muka riƙa bi layi-layi. Na ɗora biro a kan wani layi da ke maimaita kansa duk ranar 3 ga wata, na ce, "Baba, wannan na waye?"

Ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Wallahi ɗana, na daɗe ina ganinsa yana fita. Na ɗauka na Oga ne."

Da muka tambayi Oga, shi kuma ya ɗauka na sashen talla ne. Sashen talla suka ce su ba su taɓa jin sunan manhajar ba.

Kafin la'asar mun tono akwatunan imel na mutum huɗu da suka bar aiki, ɗaya ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ana biya wa kowannensu duk wata. Mun tono Zoom guda biyu, don sashe biyu kowanne ya buɗe nasa tun zaman kullen korona na 2020, ba wanda ya san da na wani. Mun tono wadda wani ya shiga don gwajin kyauta, ya saka katin kamfani, ya manta, gwaji ya ƙare ta koma ta kuɗi. In ka cire ta gwajin, duk sauran suna da baucansu a fayil, sa hannu uku-uku, tsaf. Ba wanda ya saci ko sisi. An bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe, kuɗi kuma yana ta tafiya.

Wannan kamfanin ne fa yake sa mutum jiran mako biyu kan sabuwar buƙata ta 'yan dubbai. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

"To ta biya mana, a mayar mata"

Wannan ce amsar da aka fi bayarwa in ma'aikaci ya matsa. A baki tana da sauƙi.

Abu na farko, an mayar da mai ƙaramin albashi mai ba kamfani bashi, ba ranar biya. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 wasu suka fara buɗewa. A waɗannan shekarun ma'aikata sun sha wahalar da Oga bai sani ba. Wani ya buɗe katin dala na intanet, wani ya roƙi ɗan'uwa da ke Ingila ko Saudiyya. Kowace hanya da farashin dalarta da ladanta. Ranar mayar da kuɗi kuma akawu ya dubi rasit, ya lissafa da farashin gwamnati, abin da ya hau kai ya zama sadakar dole.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma kamfanin yake cuta. Duk wanda ya biya da katinsa, da imel ɗinsa zai buɗe asusun, da lambar wayarsa. Asusun nasa ne ke nan. Hotunan talla na shekara uku, jerin abokan ciniki, lambobin wayarsu, wa ke bin wa bashi, duk suna ɗakin da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya.

Da idona na ga wani manaja yana kiran yaron da ya sallama wata biyu baya. Murya ta yi laushi kamar ba shi ba. "Haba ɗan'uwa, ai ba ma haka da kai. Wata lamba ce za ta shigo wayarka yanzu, guda shida, karanto mini kawai za ka yi." Yaron ya ce yana cikin mota ba ya ji sosai, ya kashe waya. Shafin kamfanin gaba ɗaya a hannunsa yake.

Ga kuma doka. Tun Yunin 2023 Najeriya na da Dokar Kare Bayanai, kuma kamfanin da ya tattara bayanan mutane shi aka ɗora wa alhakin tsare su. "Yaronmu ne ya zuba a asusunsa" ba za ta fitar da kowa ba.

"Jinkirin ai don a tantance ne"

Wasu masu kamfani sukan ce mini ba kuɗin suke ji ba, tsaro suke dubawa. Ba a son kowa ya kwaso kowace manhaja ya zuba mata sirrin kamfani. Damuwar gaskiya ce. A 2023 Samsung, da girmansa, sai da ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a na'urorin aiki bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba masa bayanan cikin gida.

To amma wace tambaya bauca ke yi? Nawa ne. Ita ke nan. Manhajar kyauta ba ta bi ta teburin akawu balle na Oga, ga shi ita ma za a iya zuba mata komai. Tambayar da ta dace ita ce me za a saka a ciki. Manhajar da za a gyara hoton buhun shinkafa da ita daban, wadda za a loda wa albashin ma'aikata da lambobin BVN ɗinsu daban, ko da kuɗinsu ɗaya ne, ko da ta biyun kyauta ce. A ofisoshin da na sani, ta farkon ce ke kwana tara a kan tebur, ta biyun ta wuce ba wanda ya gani.

Kuma in aka daɗe ana jira, aiki na jira, me ake zaton yaro zai yi? Zai je ya sauko da ta sata, wadda aka fasa makullinta, ya ɗora a kwamfutar ofis da duk ƙwayoyin cutar da ta zo da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan Oga ne ya tsaga bangon da kansa.

Ma'aikata ma ba waliyyai ba ne

Kada a ce na ɗauki ɓangare ɗaya. Akwai wanda zai ga ana yayin wata manhaja a TikTok, washegari ya rubuto cewa aiki ba zai yiwu ba sai da ita, ya buɗe ta sau biyu ya watsar. Akwai mai neman Zoom na biya alhali taronsa bai taɓa kai minti 40 ɗin da na kyauta ke bayarwa ba. Akwai mai biyan kuɗi da sunan ofis ya riƙa yi wa 'yan biki katin gayyata da dare yana karɓar nasa. Akwai masu raba kalmar sirri ɗaya su takwas, har da ƙanin wani da ke jami'a. Mafi yawa kuma in ka karanta baucansu ba ka ganin komai sai sunan manhaja da kuɗi. Ba bayanin aikin da za ta yi, ba bayanin ko akwai irinta a ofishin. Oga bai san abin ba, ba a kuma yi masa bayani ba, to me zai yi in ba ya danne da kwalin tishu ba?

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai babu ko ɗaya a ciki da sa hannun ranar farko ke kamawa. Wanda zai watsar da manhaja bayan mako biyu, a ranar da ya kawo bauca shi ma ya yi imani yana buƙatarta. Bayan wata uku ake gane shi, in akwai mai dubawa.

Abin da nake gaya wa masu kamfani

Nakan ce su yi abin da suke yi a kasuwa. A yanke wa kowane sashe abin da zai iya kashewa a wata kan manhaja. Duk abin da bai kai wani adadi ba, shugaban sashe ya amince a ranar, ya sanar da akawu. Abin da ya haura, ko wanda za a biya na shekara guda a dunƙule, ko wanda za a zuba wa bayanan mutane ko da kyauta ne, shi ne zai hau sama. In ya hau kuma a sa masa wa'adi, kwana biyu ya isa, kuma in Oga zai yi tafiya ya bar wanda zai tsaya masa. Liman ma in zai yi tafiya na'ibi yake bari, ba a fasa salla.

A tanadi kati ɗaya na kamfani don wannan kawai, a riƙa zuba masa daidai abin da ake tsammanin cirewa, kada a haɗa shi da babban asusu. Kowace manhaja a buɗe ta da imel ɗin kamfani. Wannan ba na sassauci a kansa ko kaɗan.

Sannan abin da ya fi komai, wanda kuma aka fi ƙi saboda ba shi da armashi: takarda ɗaya, ko a Excel ce ko a littafi mai bango, da sunan kowace manhaja, sunan mutum ɗaya da ke da alhakinta, kuɗinta, da ranar da za ta sake cirewa. Ba sunan sashe ba, sunan mutum, wanda za a kalla a ce, "Malam, har yanzu kana amfani da ita?" Duk wata uku a zauna minti talatin a bi takardar. Wadda ba ta da mai ita a kashe ta. In akwai mai buƙata, kafin azahar za ka ji kukansa, sai a mayar. Ranar da ma'aikaci zai bar aiki kuma, kamar yadda ake karɓar makullin ofis da katin shaida, a buɗe takardar a gabansa.

Game da biyan shekara, ana yawan ruɗar mutane da ragin da ake yi. Ragin gaskiya ne, amma nakan ce sabuwar manhaja a fara da wata-wata tukuna. In ta yi wata uku ana morarta, a biya na shekara. Araha ba ta ado in an biya wata goma sha biyu an yi amfani da biyu.

Masu kamfani kan saurare ni, su gyaɗa kai. Wasu su yi, wasu su ce sai bayan salla.

Ƙanwata dai na ba ta katin a daren, don ba zan bari a ci mutuncinta kan abin da ba laifinta ba. Talla ya fita ranar Alhamis. Oga ya dawo daga Umara da dabino da zamzam, ya sa hannu, aka mayar mata da kuɗin bayan mako uku, ta turo mini, na ce ta riƙe ta sa kati a waya.

Wata na zagayowa, ina tsaye a gidan mai, waya ta yi ƙara. Na duba, alat ne. Canva ta cire na wata na biyu, daga asusuna.